Rinin Ƙarfen Bindiga: Wace Kwalba Za A Saya?

Ruwan ƙasar Katsina ba shi da yawa in an gwada shi da na Zariya, amma kusan dukansa yakan sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a watan Agusta bangon ɗakin ƙasa ba ya bushewa sosai. Wannan laima ita ce abokiyar gaban kowane ƙarfe da ke gidan manomi. Fartanya da garma nasu da sauƙi, gama kullum suna cikin ƙasa, yashi yana goge su. Wadda ta fi shan wuya ita ce bindiga, wadda aka rataye a bango tun lokacin shuka, ba a sake tuna ta ba sai gero ya fara nuna, tsuntsu da biri sun fara ɓarna. Mutanen Ƙofar Sauri da na ƙauyukan da ke kan hanyar Kaita, waɗanda ke ajiye bindigar toka don gadin gona da 'yar farautar rani, sun san wannan sarai. A sauko da ita da kaka, a tarar baƙinta ya koɗe, tsatsa ta yi ja a daidai wurin da hannu ke kamawa.

Da can abin da aka sani shi ne a goge ta da toka ko yashi, a shafa mai, shi ke nan. Yanzu kuwa akwai waɗansu 'yan kwalabe da ake kawowa daga ƙasashen waje, ta hannun 'yan kasuwa ko ta odar intanet, waɗanda in an shafa ruwansu a jikin gogaggen ƙarfe sai ya koma baƙi nan take, ba wuta, ba tafasawa. Sunayensu da yawa, kuɗinsu ba kaɗan ba, rubutun jikinsu kuma duk da Turanci. To, wacce za a saya? Ba a iya amsa wannan sai an fara sanin abin da baƙin bindiga yake.

Baƙin Bindiga Ba Fenti Ba Ne

Baƙin da ke jikin sabuwar bindigar kanti tsatsa ce ita ma, amma ta wani iri dabam. Ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska yakan yi jar tsatsa mai ɓarɓashi, wadda ke kumbura ta ɓare, ta bar sabon wuri a buɗe, ta yi ta ci har ta yi rami. Akwai kuma baƙar tsatsa, wadda ke manne wa ƙarfe ƙam, ba ta kumbura. Maƙeri yana ganin irinta kullum a jikin ƙarfen da ya fito daga wuta. Masu ƙera bindiga suka lura in an rufe ƙarfe da wannan baƙar da gangan, sa'an nan aka shayar da ita mai, ja ba ta samun wurin zama da sauri. Turawa suna kiran aikin da sunan shuɗi, domin baƙin yana da wani sheƙi mai shuɗi-shuɗi irin na rawani ɗan Kura. A nan za a kira shi rini, gama ya yi kama da aikin marina ta fuska da yawa.

Kaurin rinin nan bai kai kashi ɗaya cikin 20 na kaurin silin gashi ba. Shi kaɗai ba ya tsare ruwa. Babban amfaninsa shi ne yana riƙe mai, kamar yadda tsumma ke riƙe shi, man kuwa shi ne ainihin mai gadi.

Hanyar da masana'antu ke bi ita ce rinin zafi. Ana dafa ƙarfen ne cikin ruwan soda irin ta yin sabulu, haɗe da waɗansu gishiri, a zafin da ya kai wajen digiri 140, watau ya wuce tafasar ruwa da nisa. Rininsa yana da ƙarko, amma ba aikin gida ba ne. Ɗigonsa ɗaya a ido makanta ce, har wa yau yana cinye dalmar da aka haɗa bututu biyu na tsohuwar bindiga mai baki biyu da ita.

Akwai wata hanya da ta girme shi, watau rinin tsatsa. A shafa wa ƙarfe wani ruwa mai tsami, a bar shi ya yi jar tsatsa siririya, a dafa shi cikin ruwa mai tsabta har jar ta juye baƙa, a goge ƙurar, a sake. Haka za a yi ta yi kwana da kwanaki har baƙin ya cika. Maƙeran bindigar farauta na Landan da Birmingham a Ingila da wannan hanya suka yi suna. Tana son haƙuri, da kwami mai tsawon bututun, da ruwan sama ko wani ruwa marar kanwa. Abin lura, da damina ta fi tafiya daidai, domin da hunturu iskar Katsina ta bushe ƙwarai, tsatsar da ake nema ba ta fitowa da wuri.

Sai ta uku, rinin sanyi, wanda shi ne ke cikin kwalaben nan. Yawancinsu ruwa ne mai ɗauke da asid na wani sinadari da ake kira siliniyam, da gishirin jan ƙarfe wanda ke ba ruwan launin shuɗi, da wani asid kuma mai ɗan cin fuskar ƙarfe. Da ya taɓa ƙarfe sai jan ƙarfen ya kwanta a bisa, siliniyam ya haɗu da shi su koma baƙi. Ashe ke nan ba baƙar tsatsar nan ta gaske ba ce, wani ɗan mayafi ne da ya kwanta a sama. Bambancinsa da sauran biyun kamar bambancin zanen da ya sha baba a karofi ne da wanda aka tsoma a galura. Ranar farko duka biyu baƙaƙe ne, sai an sha wanki ake rarrabewa.

Saboda haka kada a ɗora wa kwalba nauyin da ba nata ba. Wurin da ta fi amfani shi ne faci: bakin bindiga da ya goge, kunama, kawunan ƙusoshi, wurin da gumin hannu ya cinye, ko inda aka kankare 'yar tsatsa. Ana iya rina bututu duka da ita, takardar waɗansu kwalabe ma ta faɗi haka, amma sau da yawa yakan fito dabbare-dabbare, kuma bindigar da ake saɓawa a kafaɗa kullum ba ta daɗewa ba ta koɗe ba.

Kafin A Kai Hannu Aljihu

Abu na farko da za a duba ba kwalba ba ce, bindigar ce. A fara tabbatar babu ɗuri a ciki. Mai bindigar toka ya zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya sa alama a daidai baki, ya zaro ta ya gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai abu a ciki, kuma albarushi yakan tashi ko ya shekara nawa a kwance. Wannan ba abin da za a bar wa yaro ba ne.

In an tabbatar wofi ce, a kankare tsatsar a dubi abin da ke ƙarƙashinta. Tsatsar da ta tsaya a sama, wadda in an goge wurin ya koma sumul, ba komi. Amma in ta bar ramuka waɗanda farce ke maƙalewa a ciki, musamman wajen gindin bututu inda albarushi ke tashi, to, maganar rini ta ƙare. Rini ba ya cike rami, ba ya mayar da naman ƙarfen da tsatsa ta ci, sai dai ya ɓoye shi. Bututu mai ramuka da aka baƙanta kyan ɗan maciji ne da shi. Ranar da zai fashe hannun hagu ne a ƙarƙashinsa, fuska kuma tana kusa, manomin da ya rasa yatsu kuwa ya rasa riƙon fartanya har abada. Irin wannan bindiga sai a kai wa mai gyara ya duba, in ya ce ta mutu a yarda ta mutu.

Na biyu, wane irin ƙarfe ne? Rinin sanyi baƙin ƙarfe kaɗai yake kamawa. Ba ya kama ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, ba ya kama alminiyam, ba a yi shi don tagulla ba, ba ya kuma yin abin kirki a jikin ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya irin na kwanon rufi da bututun famfo. Maganaɗisu yana taimako: abin da bai kama ba, kada a ɓata ruwa a kansa. Amma ba duk abin da ya kama ne ke karɓar rini ba, don haka gwajin gaskiya shi ne a ɗiga kaɗan a wurin da ƙota ke rufewa, a ga ko zai yi baƙi. Bindigar ƙirar gida ta fi bukatar wannan gwaji, domin sau da yawa ƙarfen bututu dabam, na kunama dabam, kowanne da yadda yake karɓa. Mai laushi yakan yi baƙi da sauri, mai tauri ya tsaya toka-toka.

Sa'an nan a zo ga sunaye. Waɗanda suka fi yawo a duniya na kamfani biyu ne na Amurka. Birchwood Casey yana yin Perma Blue, wanda aka yi don ƙarfe na yau da kullum, akwai na ruwa akwai mai kauri kamar man goge baki. Yana kuma yin Super Blue, wanda ya fi shi ƙarfi, don ƙarfe mai tauri ko wanda aka goge ya yi santsi ƙwarai. Kamfanin Brownells kuwa shi ke da Oxpho-Blue, shi ma na ruwa da mai kauri, wanda masu aiki da shi ke yabo wajen jure guga, kuma ba shi da saurin fushi in ɗan maiƙo ya ragu a jikin ƙarfe. Mai kanti ya kula, Birchwood Casey yana da Aluminum Black na alminiyam da Brass Black na tagulla, kwalabensu sun yi kama da juna. Kada a miƙa wa mutum wannan a madadin wancan. Wanda ba ya karanta Turanci ya nemi akawu ko malamin makaranta ya karanta masa takardar kwalba tun a kanti, ba bayan an kai gida an buɗe ba.

Ga manomi mai bindigar toka, wadda yawanci ƙarfenta mai laushi ne, na yau da kullum ya isa. Mai ƙarfin ba zai ƙara masa komi ba sai kuɗi. Tsakanin na ruwa da mai kauri kuwa, a ƙasa mai zafi da busasshiyar iska irin Katsina mai kauri ya fi sauƙin sarrafawa, gama yana zama inda aka sa shi, ba ya gangarawa ya bar zane, ba ya kuma bushewa kafin ya gama aiki. Na ruwa ya fi dacewa da ƙananan abubuwa irin ƙusoshi, waɗanda za a tsoma gaba ɗaya. A sayi ƙaramar kwalba. Ta mililita 90 ta ishi faci na shekaru, babba kuwa ta mai gyaran bindiga ce. A duba murfi ko an taɓa buɗe shi, a ɗaga kwalbar a haske, domin ruwan da aka tsoma ƙarfe ko auduga mai dauɗa a ciki yakan gurɓace ya rasa ƙarfi. Wanda aka juye a wata kwalba marar takarda kada a karɓe shi ko kyauta ne.

Gaskiyar magana, bambancin da ke tsakanin waɗannan sunaye bai kai bambancin da ke tsakanin mai haƙuri da mai gaggawa ba. Mafi yawan waɗanda ke cewa an sayar musu da jabu, maiƙo ne ya ci su.

Yadda Ake Shafawa

A raba ƙarfe da ƙota, domin ruwan yana ɓata itace. A goge tsatsa da samfefa mai laushi ko soson ƙarfe mai laushi har ƙarfe ya fito fes, ana bin tsawon bututu, ba a gicciye ba. Duk zanen da aka bari zai fito a ƙarƙashin rini, rini ba ya rufa wa kowa asiri. Daga nan sai wanki, wanda shi ne rabin aikin: ruwan zafi da garin sabulu, a dirje, a ɗauraye, a sake. Kananzir ba ya yi, shi ma maiƙo gare shi. Alamar an gama ita ce a zuba ruwa ya kwanta shimfiɗe a jikin ƙarfe. In ya tattaru ɗigo-ɗigo, akwai sauran mai. Sabon soson ƙarfe ma yakan zo da ɗan mai daga masana'anta, shi ma a wanke shi. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, gama shaidar yatsa takan fito ɓaro-ɓaro a cikin rini.

A ajiye ƙarfen a rana ya ɗan yi ɗumi, ɗumin da hannu ke iya jurewa. A tsiyaya ruwan kaɗan a wani ɗan murfin roba, a rufe kwalba, abin da ya ragu a murfin kada a mayar. A shafa da auduga mai tsabta, a bar shi daga rabin minti zuwa minti ɗaya, ko yadda takardar kwalbar ta ce, a ɗauraye da ruwan sanyi, a tsane, a goge sama-sama da soso mai laushi. Shafin farko yakan fito toka-toka, kada a karaya. Kamar marini ne, tsomi ɗaya ba ya ba da baƙi. A maimaita sau uku ko huɗu, kowane karo da sabuwar auduga. Shafi siriri sau da yawa ya fi shafi mai kauri sau ɗaya, kuma barin ruwan ya daɗe ba ya ƙara baƙi, sai dai ya fara cin wanda ya kwanta.

Ɗauraya ta ƙarshe ita ce wadda ake yi wa sakaci. Asid ɗin da ya maƙale a lungu in ba a fitar da shi ba, da safe za a tarar wurin ya yi ja fiye da da. A ɗauraye sosai, a busar sosai, a jiƙe shi da mai, a bar shi ya kwana kafin a mayar da ƙota. Man bindiga ya fi, in babu man keken ɗinki yana yi. Man gyaɗa yakan daskare ya yi danƙo, man shanu kuma yana kiran tururuwa da ɓera.

Guba Ce

Wannan kada a ɗauke shi da wasa. Asid na siliniyam guba ce mai kisa, likitoci a ƙasashen waje sun rubuta labarin ƙananan yara da suka rasu bayan sun kurɓi ɗan kaɗan na ruwan rinin bindiga. Launinsa shuɗi garau, irin wanda ke jan idon yaro. A ajiye shi inda ake kulle maganin feshi, cikin kwalbarsa ta asali, nesa da rumbu da madafa. A yi aikin a fili, da safar hannu ta roba, a kiyaye ido, kada a ci goro ko a sha taba ana cikin yi. Ruwan ɗauraya a zuba shi a rami nesa da rijiya da wurin shan dabbobi, audugar a binne ta. In tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a gani, kada kuma a sa shi amai. A garzaya asibiti da shi tare da kwalbar, don likita ya karanta abin da ke ciki.

Don haka nan ba a rina wuƙar yanka ko ta girki da shi, ko wani abin da zai taɓa abinci. Gatari da lauje da fartanya kuwa ba su bukatarsa sam. Su baƙin maƙera ya ishe su, watau a ɗumama ƙarfe a shafa masa mai ya ƙone a jiki. Amma kada a yi wa bindiga haka. Wuta tana sauke taurin da aka ba ƙarfe tun wurin ƙira, sifirin kunama ya saki, dalma ta narke.

Masu saye da sayarwa ga abin da ya shafe su. Rinin sanyi yana barin wani ƙarni irin na tsohon kwabo a jiƙe, wanda rinin masana'anta ba shi da shi. Wanda aka kawo wa tsohuwar bindiga baƙa wuluk kamar jiya aka ƙera ta, ya murza wurin da yatsa ya shinshina, ya fita da ita rana ya juya ta. Faci yakan nuna, launinsa ba ya zama ɗaya da na kewaye. Faci ba laifi ba ne, amma mai saye yana da hakkin tambayar abin da ke ƙarƙashinsa. Har wa yau Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce sai da lasin ake riƙe bindiga, ta toka kuwa sha'anin lasinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, mai sana'ar gyaran bindiga shi ma sai da izini. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasashen Batsari da Safana da Jibiya, mutumin da aka tare a hanya da bindiga ba takarda bayaninsa yana da tsawo. Wanda zai kai tasa gyara ya tafi da takardarsa a aljihu.

Duk wannan kuwa maganar bayan bututu ce. Cikinsa ba a rina shi, can ne kuma ɓarnar ta fi yawa. Tokar albarushi tana jan ruwa daga iska kamar gishiri da damina, bindigar da aka harba aka rataye ba wanki tana ruɓewa ta ciki alhali bayanta yana sheƙi. Ranar da aka harba, ranar za a wanke cikin da ruwan zafi har ya fito garau, a zura tsumma a busar, a bi da mai. Jinin nama in ya taɓa ƙarfe a goge shi nan da nan, gama yana cin rini, haka ma ruwan tsamiya da na lemo. Wajen ajiya kada a bar ta cikin kuben fata, fata tana riƙe laima, kada kuma a jingina ta da bangon ƙasa. A kafa turaku biyu ta zauna a kansu da ɗan rata tsakaninta da bango, ba ɗuri, inda yaro ba ya kai, a riƙa sauko da ita ana shafa mata mai sau ɗaya a mako daga Yuli har ruwa ya ɗauke.